Gabas da Tsamiya ko Yamma

Yaya Kubura ta ɗaga labulen shagona da sallama a gajarce, ta wuce wasu 'yan mata biyu da ke gyaran ɗankwali a gaban madubi, ta ajiye wani abu a kan gilashin teburina. Reshen bini-da-zugu ne, da saiwarsa da ƙasar jikinsa. Ruwan nan nasa mai danƙo ya fara ɗiga a kan gilashin, daidai fuskar wani ango da na jera hotonsa don jan hankalin masu wucewa.

"Ɗan'auta, ka ga wannan?"

Duk Birnin Kudu ba mai kirana da wannan suna sai ita. A wurin kowa ni ne Munzali Mai Hoto, mai shago a bakin tasha. Ita kuwa matar yayana Badaru ce, wanda Allah ya yi wa rasuwa shekara ɗaya da rabi kafin wannan rana. Ina da shekara tara aka kawo ta gidanmu a Kwandiko ta ƙasar Gwaram, watanni kaɗan bayan mun binne mahaifiyarmu. Ita ta riƙa cire mini ƙaya a ƙafa, ita ta riƙa ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai idan na daɗe a wasa. Don haka ko gemu na tara har ƙirji, Ɗan'auta nake a bakinta.

"Na gani, Yaya. Zauna mana ki sha ruwa."

"Na bakwai ke nan da na tsinta a yashe," ta ce, ba ta zauna ba. "Baffa Iliyasu ne yake tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya. Da na yi magana, wai awaki ne. Kai tun da kake, ka taɓa ganin akuyar da ke cin bini-da-zugu?"

Baffa Iliyasu ƙanin mahaifinmu ne, gonarsa ta yi iyaka da ta Badaru daga yamma. Tun ranar da suka raba gonar kakanmu, shi da mahaifinmu suka dasa shingen bini-da-zugu a tsakani. Kusa da shingen akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindinta kuma akwai rijiya mai kusa da ruwa. Wannan gefen shi ne ran gonar. Nan Yaya Kubura take lambun albasa da alayyafo da rani, da shi take ciyar da 'ya'yanta mata biyu, Mas'uda da Kausar. Sauran gonar jigawa ce, sai damina ta yi kyau take ba da abin kirki. Yanzu Baffa ya tashi ya ce shingen can gabas da tsamiya yake tun asali, wato tsamiya da rijiya nasa ne.

"Na kai ƙara kotu," in ji ta. "Nan da mako uku za a zauna."

"To, maƙwabta fa? Ai kowa ya san iyakar."

Ta yi wata 'yar dariya da ba daɗi a cikinta. "Kowa ya sani, kowa kuma da shanun Baffa yake huɗa. Duk gidan da na shiga, sai a ce mini Allah ya kyauta. Wa zai ɓata da mai garma saboda mace da marayu?" Ta matso, ta dafa teburin. "Kai ne kake cika mana baki cewa hoto ba ya mantuwa, ba ya kuma jin tsoron kowa. To, ka zo ka ɗaukar mini. Shingen, da tsamiyar, da rijiyar, duka a hoto ɗaya, yadda alƙali zai gani da idonsa. Amma ka zo kafin ruwa ya sauka. Ranar da ƙasa ta jiƙa, ranar zai sa garma ya shafe komai."

"Ranar Juma'a ina tafe, in sha Allahu."

"Juma'ar nan?"

"Juma'ar nan, Yaya."

Lokacin da nake faɗin haka, na riga na kama kujera a motar da za ta tashi zuwa Maiduguri ranar Alhamis. Na sani sarai. Na dai ce a raina, Juma'a ai ba ɗaya ba ce.

* * *

Bari in faɗi irin mutumin da nake a wancan lokaci, don kada a ɗauka mugunta ce. Da mugunta ce, da na fi samun sauƙin tuba.

Shekara biyu ke nan da aka ba mu jiharmu, aka raba mu da Kano. Tun daga ranar layi bai yanke a ƙofar shagona ba, don kowa na neman takardar shaidar ɗan jiha, kowace takarda kuma sai da ƙaramin hoto. Na ɗauki goshi da kunnuwan rabin mutanen Birnin Kudu. "Ɗaga haɓa. Kada ka ƙifta. Na gaba." Aikin yana ciyar da ni, amma yana cin raina. Ni a ganina ba don wannan aka halicci idona ba.

Na kuma yi imani cewa a gida babu abin ɗauka. Me zan gani a Gwaram? Fuskokin da na sani tun ina yawo ba wando, rumbunan da na ɓuya a bayansu, hanyar da zan bi ido rufe. Amma da mota ta wuce Azare sai idona ya buɗe. Tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a wani gari sai ta zama abin kallo, alhali irinta goma na wuce a ƙofar shagona ban ko ɗaga kai ba. Na je Agadas, na hau Mambila, na kwana uku a bakin ruwa a Yawuri ina jiran wani masunci ya jefa tarunsa na birgi yadda nake so.

A wannan shekara wata mujalla a Kaduna ta sa gasar hotuna a kan rayuwar talaka. Wanda ya ci, hotonsa za a buga a kalandar shekara mai zuwa. Na ƙudura cewa talakan da zai ci mini gasar yana Baga, a bakin Tafkin Cadi.

Game da gonar kuwa, zuciyata a wanke nake jin ta. Ranar rabon gadon Badaru na miƙe a gaban jama'a na ce na bar wa marayu kasona. Aka yi ta sa mini albarka. Tun daga ranar nake ganin na sauke duk wani nauyi da ke kaina, har da wanda bai zo ba tukuna.

Kwana huɗu na shirya yi a Baga, na yi tara. Na sami wata mata da mijinta ya nutse a tafki, tana banda kifi da yara biyar a gefenta. Na zauna a kan wani kututture na saurari labarinta tun hantsi har azahar, ta bakin wani mai fassara. Dangin mijin sun ƙwace kwalekwalensa, sun bar ta da hayaƙi. Wallahi har ƙwalla na yi. Na ce wa mai fassarar, "Wane irin rashin imani ne wannan? Ba ta da wani namiji a dangi da zai tsaya mata?" Na faɗi wannan da bakina, ban ji komai ya motsa a ƙirjina ba.

* * *

Da na dawo, Salihu direban motar Gwaram ya tare ni tun ban sauke jaka ba.

"Mai Hoto, matar yayanka ta aiko ni sau biyu. Jiya ma da kanta ta fito bakin titi. Ta ce in gaya maka hadari ya fara haɗuwa ta gabas."

Na duba kyamarata. Duk fim ɗin da na tafi da shi na ƙarar, sai na ƙarshe da ke ciki, saura ɗauka uku. A shago babu ko ɗaya, sai an je Kano. Na ce uku ai sun isa shinge. Na hau babur bayan la'asar na kama hanyar Kwandiko.

Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta kawo mini ruwa a kwanon sha na Badaru, ta ce, "Ka rame, Ɗan'auta. Ba sa ba ka abinci a can?" Sannan ta yafa mayafi ta shige gaba, ina biye da ita har gona.

Rabona da gonar nan tun ina ɗan shekara goma sha biyu, lokacin da aka kawo ni makaranta Birnin Kudu. Tana tafe tana magana, ni kuwa hankalina yana kan sama, don rana ta faɗa ƙarƙashin wani baƙin girgije, haskenta ya fito ta gefe, ja-ja, mai laushi. Kwana tara ina neman irin wannan haske a Baga ban samu ba.

"Ga shi nan," ta ce. Ta tsaya, ta miƙa hannu. "Ka ga inda ya faro, ka ga inda ya bi. Saura goma sha ɗaya a tsaye. Wannan na ƙarshen Badaru ne ya sake dasa shi da hannunsa, shekarar da aka haifi Kausar."

Da ta ambaci sunansa sai muryarta ta karye. Ta juyo da fuskarta gefe don kada in gani, hasken nan ya sauka a kanta.

Na ɗaga kyamara da niyyar ja da baya, don shinge da tsamiya da rijiya su shigo. Abin da ya kamata ke nan, taku goma baya, shi ke nan. Amma da na sa ido a cikin gilashin, sai na ga wata mata da ban taɓa gani ba. Na ga layukan da suka tsaga goshinta, na ga hawaye ɗaya da ya tsaya a gefen hanci ya ƙi faɗuwa, na ga leɓen da ta cije. Shekara ashirin da wani abu ina cin tuwon matar nan, ban taɓa kallon fuskarta ba sai ranar. Duk abin da na je nema a bakin tafki yana nan tsaye a gabana, sanye da mayafin da na sani.

Ban ja da baya ba. Gaba na matsa. Na murɗa idon kyamara har fuskarta ta fito tar, duk abin da ke bayanta ya narke ya zama dishi-dishi. Na danna. Ta ɗan motsa, hasken ya ƙara kyau, na sake dannawa. Na ce a raina na ukun na shinge ne. Sai hawayen nan ya gangaro.

Na ji fim ya ƙare a ƙarƙashin babban yatsana.

"Ka ɗauka?" ta tambaya, tana share ido da bakin mayafi.

"Na ɗauka."

"Har da rijiyar?"

"Har da komai, Yaya."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Yau zan yi barci."

A hanyar komawa na yi ta lallashin kaina. Gobe zan je Kano in wanke, in sayo sabon fim, jibi in dawo in ɗauki shingen ta kowace kusurwa. Ba wanda zai san an yi haka. Sauran kwana shida a shiga kotu, lokaci yana nan.

* * *

Malam Abdulsamad ne yake wanke mini hotuna a Kano, dattijo ne da ba ya yabon aikin kowa. Ya baje hotunan Baga a kan tebur yana turawa gefe da ɗan yatsa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Kifi. Hayaƙi. Kifi. Wannan kowa ya ɗauka." Sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga ɗaya ya kai kusa da taga. "Wannan fa? A ina ka samo wannan matar?"

"A ƙauyenmu."

"Shekara nawa kana kawo mini aiki, Munzali? Yau ka fara ɗaukar hoto."

Na karɓa na duba. Fuskar Yaya Kubura ta cika takardar. Bayanta wani kore-kore ne da baƙi-baƙi, ba mai iya cewa bishiya ce ko girgije. Hannunta a miƙe yake, yana nuni, amma gefen hoton ya yanke yatsan daidai gaɓa ta biyu. Abin da take nunawa yana waje.

Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin ya fi yawa.

"Jibi ake rufe karɓar hotunan gasar nan," in ji Malam Abdulsamad. "Kada ka ba wa direba, su ɓatar maka. Kai da kanka za ka kai."

Na sayi sabon fim guda biyu na zuba a jaka. Na tsaya a bakin titi da jakar a kafaɗa. In na nufi tashar da ake shiga motar Birnin Kudu, kafin magariba ina gida, gobe da safe ina gona. In na nufi ta Kaduna, kwana biyu ne. Na ɗaga kai na dubi sama, fes take, ko ɗigon girgije babu. Na lissafa kwanakin a yatsuna, na ga za su isa. Mutum in yana son abu, lissafi ba ya ƙin fita.

Mun wuce Zariya a hanyar dawowa daga Kaduna iska ta juya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta tagar mota, fasinjoji suka hau hamdala, wani tsoho a gefena har da ɗaga hannu sama. Ni kaɗai a motar nan nake roƙon Allah ya riƙe ruwansa. Na yi ta cewa a zuci, wataƙila bai kai Gwaram ba, wataƙila a nan ya tsaya.

Ya kai. Kwana ya yi yana zuba.

Washegari da hantsi na isa gonar. Kunyoyi ne sababbi, baƙaƙe, a miƙe tun daga gonar Baffa har suka wuce tsamiya da rijiya. Ko ganye ɗaya na bini-da-zugu ban gani ba. Na ciro kyamara na hau ɗauka kamar mahaukaci, ta gabas, ta yamma, daga nesa, daga kusa, har fim ya ƙare. Hotuna talatin da shida, kowanne ya fito tar, babu komai a cikinsu sai huɗa.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga fuskata, sai ita ta hau ba ni haƙuri.

"Kada ka damu, Ɗan'auta. Tun da asuba ya kawo shanun, ina kallonsa ban ce masa uffan ba. Na ce a raina, yi ta huɗarka, ai an riga an ɗauka." Ta miƙo hannu. "Ka zo da shi?"

Na ciro ambulan ɗin na ba ta. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Amma ta riga ta goge hannunta a zani, ta karɓa da hannu biyu.

"Ba zan buɗe ba, kada yara su sa masa hannun miya. Sai a gaban alƙali."

Ta shiga ɗaki ta sa shi a ƙarƙashin akwatinta. Na ci tuwon da ta zuba mini, har na yi ƙari don kada ta ga alama.

* * *

Ɗakin kotun ƙarami ne, da benci huɗu da fanka da ba ta juyawa. Alƙalin mutum ne mai natsuwa, ya saurari kowa bai katse shi ba. Baffa Iliyasu ya zo da babbar riga da carbi, ya ce shi bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, balle na jikokin ɗan'uwansa. Shingen dai gabas da tsamiya yake, ya tsufa ya mutu, shi kuma ya huɗe gonarsa.

"Ke kina da shaidu?" alƙali ya tambayi Yaya Kubura.

"Ina da wanda ya fi shaidu, Allah ya gafarta Malam."

Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro ambulan ɗin, ta miƙa wa magatakarda. Ta waiwayo ta dube ni, ta ɗan gyaɗa kai.

Alƙali ya zaro hotunan uku. Ya dubi na farko, ya dubi na biyu, ya juya na ukun ko akwai wani abu a baya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "wannan ai ke ce."

"Na'am?"

"Ke ce a ciki. Ina gonar?"

Aka miƙo mata. Ta riƙe hoton nesa da fuskarta, ta matso da shi kusa. Na ga idonta yana yawo a kan takardar, yana neman tsamiya a kusurwa, yana neman bakin rijiya a ƙasa. Wani a bencin baya ya yi dariya, aka tsawata masa. Ba ta waiwayo ta dube ni ba, kuma da ta waiwayo da ya fi mini sauƙi.

"Kai ne mai hoton?" in ji alƙali. "Taso. Ka je wurin da ƙafarka?"

"Na je, ranka ya daɗe."

"To, hoto bai nuna ba, amma kai kana da ido. Abin da ka gani nake so, ba abin da aka faɗa maka ba. Ranar da ka je, shingen nan gabas da tsamiya yake ko yamma?"

Na rufe ido don in gani. Na san amsar, ta faɗa mini a shago, na kuma san ba ta ƙarya. Amma da na nemi wurin a cikin kaina, ba abin da ya zo sai hasken nan ja, da layukan goshi, da hawaye a gefen hanci. Na tsaya a gonar ubana kusan rabin sa'a, ban ga shinge ba, ban ga inda tsamiya take ba. Zan iya zana wa alƙali kasuwar kifi ta Baga rumfa bayan rumfa.

"Ina jin... yamma ne."

"Kana ji, ko ka gani?"

Fankar da ba ta juyawa na ƙura wa ido.

"Koma ka zauna," ya ce, ba tare da fushi ba.

Tunda mai ƙara ba ta da hujja, rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara. Baffa Iliyasu ya fita ya yi alwala, ya dawo yana gyara hannun riga, ya rantse muryarsa ko rawa ba ta yi.

A waje na bi ta ina cewa, "Yaya, ki tsaya in yi miki bayani. Za mu ɗaukaka ƙara. Zan nemo lauya a Dutse." Ta tsaya, ta mayar da hotunan cikin ambulan, ta daidaita bakinsa, ta miƙo mini.

"Riƙe abinka," ta ce. "Ya yi kyau."

* * *

Hoton ya ci gasar. Suka sa masa suna Uwa, suka buga shi a kalanda, sunana a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Kafin azumi hoton ya shiga ko'ina: teburin mai shayi, shagon tela, ofisoshin sabuwar sakatariya. Mutane suka riƙa tsayawa a ƙofar shagona suna yi mini barka. Wani malamin makaranta ya ce mini duk wanda ya dubi matar nan ya san an zalunce ta, ya tambaye ni ko a Borno na ɗauko ta. Na ce masa eh.

Lauyan da na gani a Dutse ya saurare ni, ya tambaye ni sabuwar hujja, na ce babu, ya ce to. Jigawar da ta rage ba ta ba da abin da zai kai su rani ba. Bayan girbi Yaya Kubura ta kwashe kayanta ta koma gidan wanta a Surko da Kausar. Mas'uda kuwa aka ba wa wata gwaggonta a Kangire, don gidan ba zai ɗauki baki uku ba. Na aika cewa su dawo wurina, ɗaki yana nan. Aka dawo mini da amsa cewa an gode.

Sai da na yi wata huɗu kafin na iya zuwa. Na ɗaure buhun gero a bayan babur, na yi ta tsara maganar da zan faɗa tun daga Birnin Kudu har ƙofar gidan.

Ta fito daga wani ɗan ɗaki da ke kusa da turken awaki. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa daga nesa kamar yadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, Malam Munzali. Ya hanya?"

Na ce lafiya lau. Ta tambayi iyalina, na tambayi nata, ta yi godiyar gero, ta ce bari ta duba tukunya.

Ta ƙofar ɗakin na hango kalandar a jikin bango, rataye da ƙusa. Kausar, wadda shekararta shida a lokacin, ta ga inda nake kallo, ta zo ta kama hannuna ta ja ni ciki.

"Kawu ne ya kawo daga kasuwa," ta ce. "Inna ta ce a cire, ni kuma na yi kuka aka bar mini. Baba Munzali, an ce kai ka ɗauka."

"Ni ne."

"To, me Inna take nunawa?"

Na dubi yatsan nan da gefen takarda ya yanke. A tsakar gida na ji muciya ta tsaya a cikin tukunya.

Sai yarinyar ta jawo turmi ta hau. Ta bi hannun uwarta da ɗan yatsa, tun daga kafaɗa har inda ya ƙare. Sannan ta ɗaga gefen kalandar a hankali, ta leƙa bayanta.

Bangon ƙasa ne kawai, da wata 'yar tsaga da tururuwa ke bi.